Hanyar Selma

Malam, taron da ya kai ni Atlanta ba shi da labarin da zan ba ka: zama a ɗaki mai sanyi, jawabi kan jawabi, da shayi marar madara. Akwai dai ƙanen wani abokinmu da ke karatu a can, yaro mai son gardama. Shi ya ce tunda ya san ni da dogon sharhi a majalisa duk lokacin da aka ƙara kuɗin mai aka ce za a fita zanga-zanga, bai kamata in koma gida ban leƙa jihar Alabama ba. Ya karɓo hayar mota, muka yi asubanci.

Daga Atlanta zuwa Montgomery, babban birnin Alabama, kilomita 260 ne ko kusa da haka, wato Kano zuwa Kaduna da 'yar ɗoriya. Titi shimfiɗe, jar ƙasa, dogayen itatuwa hagu da dama, babu shinge, babu mai tambayarka takardun mota. Muna tsallaka iyakar jihar Jojiya sai agogon wayata ya ja da baya da awa guda, shi da kansa. Ƙasa ɗaya ce, amma lokacin Alabama daban ne da na maƙwabciyarta, don haka na wuni ina sake lissafin Azahar da La'asar. Da muka tsaya karyawa aka kawo mini wani abu wai shi girits: tsakin masara ne aka dama shi da kauri aka jefa man shanu, babu yaji babu daddawa. Na ci. A jikin takardar abincin kuma ga wake ga soyayyar kuɓewa, na fara murna, sai yaron ya ce, “Yaya, a nan ko ganye ne sai ka tambaya, da naman alade suke ɗanɗana shi.”

Montgomery gari ne shiru, da rana tsaka sai ka ɗauka an yi shara da mutane. Abin da ya kawo mu yana kan titi ɗaya, Dexter, wanda za ka taka daga farkonsa zuwa ƙarshensa cikin kwata ɗin awa. A gindinsa akwai wani dandali mai famfon ado, inda a da ake cinikin bayi. A samansa, bisa tudu, ga farin ginin majalisar jiha. A bakin ƙofar ginin an dasa tauraron tagulla a daidai wurin da aka rantsar da Jefferson Davis a 1861, shugaban jihohin kudu da suka ɓalle don kada a raba su da bayinsu. Ƙasa kaɗan da majalisar, jifa ɗaya, ga wata ƙaramar majami'a ta jan bulo. A cikinta Martin Luther King ya fara aikin limanci a 1954.

A wancan dandalin na gindin titi Rosa Parks ta hau bas ranar Alhamis 1 ga Disamba 1955. Yanzu mutum-mutuminta na tsaye a wurin. Yadda labarin ya iso mana gida shi ne wata tsohuwa ce ta gaji, ta ƙi tashi ta ba Bature kujera, shi ke nan gari ya kama da wuta. Gidan tarihin da aka gina a inda aka kama ta ya ba da shi daban. Shekarunta 42. Ɗinki take yi a wani babban kanti, kuma ta daɗe tana sakatariyar reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, tana rubuta ƙorafe-ƙorafen waɗanda aka zalunta. Ba ita ce ta farko ba: a watan Maris na shekarar an sauke wata ɗaliba 'yar shekara 15, Claudette Colvin, daga bas da ƙarfin tsiya a kan laifi iri ɗaya. Mutanen garin sun daɗe da shiri, lokaci suke jira.

A daren da aka kama Parks, wata malamar kwaleji, Jo Ann Robinson, shugabar wata ƙungiyar mata, ta kwana a kan injin buga takardu irin na da, mai juyawa da hannu, wanda ake buga mana jarrabawa da shi. Kafin gari ya waye ta fitar da dubun dubatar 'yan takardu masu kira da a ƙaurace wa bas ranar Litinin. Rana ɗaya kawai aka nema. Aka raba su a makarantu da shagunan aski, ranar Lahadi limamai suka maimaita a kan mumbari. Litinin 5 ga Disamba motoci suka yi ta zagaya gari fayau. A ranar kotu ta ci Parks tarar dala 10 da kuɗin shari'a dala 4, da dare kuma jama'a suka cika majami'ar Holt suka ce a ci gaba. Suka ɗora King a gaba, yana ɗan shekara 26, baƙo a garin, bai riga ya yi abokan gaba ba.

Na daɗe a gaban takardar buƙatunsu, saboda ƙanƙantarsu. Uku ne: direbobi su daina wulaƙanta fasinja, wanda ya riga zama ya zauna, baƙaƙe su fara cikawa daga baya, Turawa daga gaba, a ɗauki baƙaƙen direbobi a layukan unguwannin baƙaƙe. Ka lura, ba su ma ce a soke wariyar ba. Duk da haka hukumar gari ta ce atafau.

To ga inda aikin yake. Kusan uku cikin huɗu na masu hawa bas baƙaƙe ne, akasarinsu mata 'yan aikatau da ke ratsa gari kullum zuwa gidajen Turawa. Ka ce wa mace kada ta hau mota abu ne mai sauƙi. Yadda za ta isa wurin aiki gobe da jibi da watan gobe shi ne magana. Da farko masu tasi baƙaƙe suka riƙa ɗaukar mutum a kan santi 10, kuɗin bas. Hukuma ta zaro wata doka da ta ce mafi ƙarancin kuɗin tasi santi 45 ne. Sai aka koma karo-karon motoci, dabarar da aka aro daga mutanen Baton Rouge na jihar Luwiziyana, da suka gwada irin wannan ƙauracewa a 1953. Motoci wajen 300 na masu sa kai, da tashoshin ɗauka da saukewa, da masu tsara wa zai bi ina tun kafin asuba. Majami'u suka sayi dogayen motoci aka rubuta sunansu a jiki. Akwai irinsu guda a gidan tarihin, tana sheƙi. Kamfanonin inshora suka janye, sai da aka nemo inshora daga Lloyd's ta Landan. 'Yan sanda suka shiga rubuta wa direbobi tara a kan komai, har King kansa aka rufe wai ya yi gudun mil 30 a inda aka ce 25. Ranar 30 ga Janairu 1956 aka jefa bam a gidansa, matarsa da jaririyarsu na ciki. A Fabrairu aka gurfanar da shugabanni kusan 90 a ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1921.

Kuɗin mai fa? Wannan ya kai ni ga matar da ta fi kwanta mini a rai a duk tafiyar, Georgia Gilmore. Kuku ce a wani gidan abinci, aka sallame ta saboda ta ba da shaida a kotu. Ta tara mata suna soya kaji suna gasa waina irin tasu, suna sayarwa, duk taron mako sai ta miƙe ta zube kuɗin a faranti. Ita kaɗai ta bayyana sunanta, don kada iyayen gidan sauran su gane su kore su. Har da wani abin dariya: matan Turawa da yawa suka riƙa zuwa ɗauko 'yan aikinsu da motarsu, domin ba za su iya wanke-wanke da raino ba, magajin gari na ta faɗa a banza.

Kwana 381 aka yi a haka. Kuma abin da ya rufe maganar daga kotu ya fito. Wani matashin lauya, Fred Gray, ya shigar da ƙara a kotun tarayya da sunan mata huɗu, ciki har da Colvin, ba tare da Parks ba. Ranar 13 ga Nuwamba 1956, King na zaune a kotu ana shirin haramta karo-karon motocin, sai labari ya iso cewa Kotun Ƙoli ta tabbatar wariya a bas ta saɓa wa tsarin mulki. Lauyan shi kaɗai da babu wanda zai ji ɗuriyarsa, ƙafafun matan su kaɗai kuma da wataƙila an ci su da yunwa. Ranar 21 ga Disamba suka koma hawa, kowa ya zauna inda ya ga dama. Makonni kaɗan bayan haka aka tashi bama-bamai a majami'u huɗu a dare ɗaya. Parks ta rasa aikinta, mijinta ma haka, a 1957 suka tattara suka koma Detroit. Bas ɗin da aka kama ta a ciki ma can arewa yake, a gidan tarihin Henry Ford da ke Michigan.

Da dare a masauki na kasa barci, ina tuna namu. Ka tuna Janairun 2012, da aka wayi gari litar mai ta tashi daga naira 65 zuwa 141, muka cika dandalin Silver Jubilee na Kano, ƙungiyoyin ƙwadago suka rufe ƙasa, sai gwamnati ta sauko zuwa 97. Buƙata ɗaya ce, kowa ya san ta, kuma akwai wanda za a zauna da shi a teburi. Ka kuma tuna zanga-zangar Agustan 2024. Yunwar gaskiya ce, babu mai musu. Amma jerin buƙatu kowane ɓangare da nasa, babu wanda ya san wa ke gaba, kafin la'asar ta ranar farko an fasa wurare a Kano an sa dokar hana fita. Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a faɗin ƙasar, a Nuwamba kuma muka ga yara ƙanana suna zubewa a gaban alƙali a Abuja. Ni ban ga laifin yaran ba kamar yadda nake ganin namu. Muna da abin da Montgomery ta dogara da shi, har ya fi nata: ƙungiyoyin kasuwa, na direbobi, na mata masu adashi, masallatan Juma'a, lauyoyi rututu. Muka kasu biyu, masu cewa a fita da masu cewa haramun ne, babu wanda ya zauna ya tsara wa zai tsare layi, wa zai yi beli, me za a karɓa a koma gida.

Washegari muka fara da wurin tunawa da waɗanda gungun Turawa suka kashe ba shari'a, wanda lauya Bryan Stevenson da ƙungiyarsa suka buɗe a 2018. Ginshiƙan ƙarfe sama da 800 ne a rataye, kowanne na gunduma guda, ɗauke da sunayen mutum fiye da 4,400 da aka kashe tsakanin 1877 da 1950. Gumakan bayi cikin sarƙa da ke bakin shiga aikin wani ɗan Ghana ne, Kwame Akoto-Bamfo. Ba mu yi magana ba har muka koma mota. Wanda bai ga wannan ba ba zai gane me ake nufi da a ce talakan Alabama ya fito titi da fuskarsa a buɗe ba.

Selma na yamma, kilomita 87 a kan babbar hanya mai lamba 80. Babu wata tasha da ake lodi kamar tamu, in ba ka da mota sai ka zauna. Kaka ce, auduga ta yi fari a wasu gonakin, sauran makiyaya ce da shanu, gidaje jefi-jefi. A tsakiyar hanya akwai gundumar Lowndes. A farkon 1965 baƙaƙe ne kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanenta, amma ko ɗaya ba shi da rajistar zaɓe. Akwai ƙaramin gidan tarihi a bakin titi, a filin da ake kira garin tantuna. Mazaunansa manoma ne masu noma gonar Bature a raba amfani. Da suka yi rajista bayan an kafa dokar zaɓe ta 1965, masu gona suka kore su, suka zauna a tanti da iyalansu, wasu kusan shekara biyu, ana harbinsu da dare. Babu hotonsu a littafin da na taɓa karantawa.

Daga wannan ɓangaren, gadar ce ke shigar da kai Selma. Muka haye, muka ajiye mota, muka dawo da ƙafa don mu bi ta yadda masu tattakin 1965 suka bi. Gadar doro gare ta: kana hawa ba ka ganin abin da ke ƙetare sai ka kai tsakiya, kogin Alabama na can ƙasa sosai. Har yau sunanta Edmund Pettus, janar ɗin 'yan ɓallewa kuma jigo a ƙungiyar 'yan ta'addan farar fata ta Ku Klux Klan.

A gundumar Dallas, inda Selma take, baƙaƙe kusan 15,000 ne suka isa zaɓe, amma masu rajista ba su wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Ofishin rajista kwana biyu yake buɗewa a wata, in ka samu shiga a ba ka jarrabawa a kan tsarin mulki, in ka fito ka tarar an gaya wa ubangidanka. Amelia Boynton da 'yan ƙungiyarta sun shekara da shekaru suna fama kafin su gayyato King. A Janairun 1965 malaman makaranta sama da 100 suka jera zuwa kotu neman rajista, su da ke da albashin da za a iya yankewa. A Fabrairu ɗan sandan jiha ya harbi wani saurayi, Jimmie Lee Jackson, a garin Marion, yana kare mahaifiyarsa. Mutuwarsa ce ta sa aka ce a taka har Montgomery a kai wa Gwamna George Wallace kuka.

Lahadi 7 ga Maris mutum wajen 600 suka taso daga majami'ar Brown, bibbiyu, a gefen titi, John Lewis da Hosea Williams a gaba. Da suka kai doron gadar suka hango 'yan sandan jiha da mahaya dawaki. Aka ba su minti biyu su watse, ba a bari ya cika ba. Kulki, bulala, barkonon tsohuwa. Aka fasa wa Lewis ƙoƙon kai, aka bar Boynton a sume a kan kwalta. A daren tashar ABC tana nuna wani fim a kan shari'ar 'yan Nazi, ta katse shi ta sa hotunan Selma, miliyoyin mutane na kallo.

Ga abin da ya tsaya mini a wuya. Shugabannin sun san halin Jim Clark, shugaban 'yan sandan gundumar, mutum mai saurin hannu, kuma yana cikin dalilan da suka sa suka zaɓi Selma. Sun gwada a Albany ta Jojiya a 1961 da 1962, inda shugaban 'yan sanda Laurie Pritchett ya yi musu wayo: ya riƙa kama su cikin ladabi a gaban 'yan jarida, yana rarraba su gidajen yarin ƙauyuka, har abin ya huce ba a samu wani abin kirki ba. Dukan da ake yi wa baƙar fata a bayan ofis shekara ɗari, shi suka jawo tsakiyar titi inda kyamara take. Shi ya sa aka horar da mutane kada su rama ko da tsinke: mutum ɗaya ya ɗaga dutse, labarin ya zama na tarzoma. Dabara ce mai aiki, amma da jikin talakawa ake biyan kuɗinta, kuma ban tabbata zan iya tura ɗana ba.

Sauran ya zo da sauri. Aka kashe wani limamin coci Bature, James Reeb, da ya zo daga Boston; mutuwarsa ta girgiza Washington fiye da ta Jackson, wannan ma abin lura ne. Ranar 15 ga Maris Shugaba Lyndon Johnson ya je gaban majalisa ya nemi dokar zaɓe. Alƙali Frank Johnson ya ba da izinin tattakin, da sharaɗin mutum 300 kacal a inda titi ya ƙuntata, kuma suka bi sharaɗin. Suka tashi ranar 21, suna kwana a gonakin baƙaƙe, suka isa gaban wannan farin gini ranar 25 su wajen 25,000. A daren 'yan Klan suka harbe Viola Liuzzo, Baturiya mai 'ya'ya biyar daga Detroit, tana jigilar masu komawa gida a kan hanyar da muka biyo. Ranar 6 ga Agusta aka sa hannu a dokar. Na tuna Hajiya Gambo Sawaba da yawan shigarta kurkuku: a shekarar da ake wannan, matan Arewa ma ba su da ƙuri'a, sai a 1976 suka samu.

Selma ta yau kuwa sai a hankali. Shaguna a rufe a babban titi, gidaje sun zube, ga ɓarnar guguwar Janairun 2023 ba a gama gyarawa ba. Sansanin sojan sama da ke ciyar da garin an rufe shi tun 1977. Mutanenta sun ragu daga dubu 28 a 1960 zuwa ƙasa da dubu 18 a ƙidayar 2020. Duk watan Maris manyan 'yan siyasa na zuwa su tsallaka gadar a ɗauke su hoto, kafin magariba sun bar garin.

Muna zaune a mota muna cin gyaɗa, yaron ya ce, “To Yaya, me aka samu? An fasa kawuna, ga garin nan kamar an yi yaƙi.” Ya ƙara da cewa a 2013 Kotun Ƙoli, a ƙarar da wata gundumar Alabama mai suna Shelby ta shigar, ta kashe sashen dokar da ke tantance jihohin da tilas su nemi izinin tarayya kafin su taɓa ƙa'idojin zaɓe. Gaskiya ya faɗa.

Na ce masa ƙuri'a suka fito nema, ba masana'anta ba, kuma ƙuri'ar ta yi aikinta tun a shekarar farko. A nan shugaban 'yan sandan gunduma zaɓensa ake yi, abin da ya ba ni mamaki ƙwarai. A 1966, baƙaƙe sama da dubu goma na da rajista, Jim Clark ya tsaya neman komawa kujerarsa. Da ya ga ta ɓaci sai ya sa aka ƙi ƙirga akwatuna shida na unguwannin baƙaƙe, wai an yi maguɗi. Kotun tarayya ta ce a ƙirga, aka ƙirga, ya faɗi. Yaron ya yi dariya ya ce wannan kam ko a gida an san irinta.

Bai sallama ba duk da haka. Ya tuna mini da Joe Smitherman, wanda shi ne magajin garin Selma ranar da aka yi dukan gada. Shi bai faɗi ba. Ya sauya harshe, ya naɗa baƙaƙe a muƙamai, ya shimfiɗa kwalta a unguwanninsu, ya ci gaba da lashe zaɓe. Sai a shekarar 2000 James Perkins ya kayar da shi, a karo na uku da suka kara, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe garin, shekara 35 bayan gadar.

Muka yi ta ja har muka wuce Lowndes. Yana da aji da safe, ga awar da Alabama ta ba mu za ta karɓe abarta a bakin iyaka, don haka ba mu sake tsayawa ba sai shan mai da sallar Magariba a bayan gidan man.